An nemi in sa ɗana cikin gwajin magani: yaya ake yin sa, kuma me ya kawo ƙuri'a a aikin likita?

Tambaya: “Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara bakwai yana da sikila, kuma muna kai shi asibiti duk wata. A zuwanmu na ƙarshe wata ma'aikaciya ta ba ni takarda mai shafuka da yawa, ta ce ana wani bincike a kan magani, suna neman yardata a sa shi a ciki, kuma wai ƙuri'a ce za ta nuna abin da za a ba shi. Mahaifinsa ya ce sam, ba za a mayar masa da ɗa zakaran gwajin dafi ba, domin bai manta da abin da ya faru a Kano lokacin sanƙarau ba. Ni kuma ina tsoron idan muka ƙi su daina kula da mu. Don Allah yaya ake yin wannan gwajin, kuma me zai sa likitan da ya san aikinsa ya koma yin ƙuri'a?”

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: yadda ake gwada magani a jikin mutane, dalilin shigowar ƙuri'a cikin lamarin, da kuma abin da zai biyo baya idan kun ce ba ku yarda ba. Bari in fara da na ƙarshen domin hankalinki ya kwanta kafin mu shiga dogon bayani. Shiga bincike ganin dama ne, kuma ƙa'idar aikin ta haramta a rage wa majiyyaci kulawar da ya saba samu saboda ya ƙi shiga. Ko kun shiga ma, kuna da ikon janyewa a ranar da kuka so ba tare da kun faɗi dalili ba. Wannan magana ya kamata ki same ta a rubuce a cikin takardar da aka ba ki, idan kuwa babu ita, to takardar tana da naƙasu.

Me ya sa ganin likita kaɗai bai isa ba

Yawancin cututtuka suna tashi suna kwantawa da kansu, kuma ke da kike renon mai sikila kin fi kowa sanin haka. Yaro yakan yi wata uku lafiya lau, sannan ciwon ƙashi ya taso masa sau biyu a wata guda. Mutum yakan nemi magani ne a lokacin da ciwo ya kai maƙura, wato daidai lokacin da sauƙi ya kusa zuwa ko da ba a sha komai ba, saboda haka duk abin da aka sha a ranar shi ke samun yabo. Ga kuma ƙarfin sa rai, wanda kan sa mutum ya ji zafi ya ragu don kawai ya yarda da wanda ya ba shi maganin. Likita ma ɗan Adam ne: yana tuna waɗanda suka warke suka dawo godiya, waɗanda ba su dawo ba kuwa bai san yadda suka ƙare ba.

Hanya ɗaya ce ke raba wannan gardama, ita ce kwatantawa. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwa na Birtaniya mai suna James Lind ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da cutar da ke ruɓar da dasashi, wadda yau muka san rashin bitamin C ke kawo ta, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni abu daban. Biyun da aka ba lemun zaƙi da na tsami ne suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Mutum goma sha biyu sun yi kaɗan ƙwarai a ma'aunin yau, amma tunanin nan na a ajiye marasa lafiya masu kama da juna a ba su abu daban a ga bambanci, shi ne tushen duk abin da ake yi har yanzu.

Akwai misalin da nake yawan ba ɗalibai domin ya karya musu girman kai. A Amurka likitocin zuciya sun daɗe suna ba waɗanda suka tsira daga bugun zuciya wasu magunguna biyu, encainide da flecainide, domin suna daidaita bugawar zuciya, kuma ana ganin hakan ƙarara a na'ura. Hankali ya yarda cewa suna ceton rai. Da aka gwada su da ƙwayar da ba ta da magani, sai aka dakatar da su a 1989, domin masu shan su sun fi mutuwa da fiye da ninki biyu. Babu likita ɗaya da ya gano haka daga kan teburinsa, saboda majiyyatan masu ciwon zuciya ne, idan ɗaya ya mutu sai a ce ciwonsa ne ya kashe shi.

Batun ƙuri'a

Da a ce likita ne zai zaɓi wanda za a ba sabon magani, ko da zuciyarsa fara ce, zai karkata. Wataƙila ya ba masu ƙwarin jiki saboda yana ganin za su jure, ko ya ba waɗanda ciwonsu ya tsananta saboda tausayi, kuma ko wanne ya yi, rukunonin biyu sun bambanta tun kafin a haɗiyi ƙwaya ɗaya. Ƙuri'a tana rarraba komai daidai tsakanin ɓangarorin, masu ƙarfi da raunana, masu cin mai kyau da masu fama da abinci, har da abubuwan da ba wanda ya san suna da tasiri. Idan aka ga bambanci a ƙarshe, sai a iya cewa daga maganin yake. A yau kwamfuta ce ke yin rabon. A gwajin da ya kafa wannan tsari, wanda aka buga sakamakonsa a Ingila a 1948 a kan allurar streptomycin ga masu tarin fuka, ambulan da aka liƙe ne ake buɗewa bayan an karɓi majiyyaci. Cikin wata shida mutum 4 ne suka mutu daga 55 da aka yi wa allurar, alhali 14 suka mutu daga 52 da aka bari a kan hutun gado kawai, wanda shi ne abin da ake yi wa masu cutar a lokacin.

Sai dai ƙuri'a tana da sharaɗi mai nauyi, kuma a nan ne amsar tambayarki take. Ba ta halatta sai a inda masana da gaske ba su san wanne ya fi ba tsakanin abubuwan da ake kwatantawa. Idan an riga an tabbatar ɗaya ya fi, ba wanda yake da ikon hana yaro shi da sunan bincike. Likitan da ya ce miki ƙuri'a za a yi, yana gaya miki ne cewa ilimi bai kai ga amsa ba tukuna, kuma a wurina wannan ya fi gaskiya a kan wanda zai zaɓa da ka ya nuna kamar ya sani.

Haka zancen yake game da ƙwayar da ba ta da magani a ciki, wadda ake kira plasibo. Mutane da yawa suna zaton duk wanda ƙuri'a ba ta faɗa kansa ba za a bar shi da garin rogo ne kawai. A cuta mai haɗari wadda take da maganin da aka sani, ana kwatanta sabon ne da wanda ake amfani da shi, ko kuma kowa ya ci gaba da samun kulawarsa ta yau da kullum a ɗora sabon ko plasibo a kai. Wani lokaci ma magani ɗaya ne ake gwada adadinsa biyu. A gwajin SPRING da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, wanda aka buga a 2022, yara 220 masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki duk maganin sikila mai suna hydroxyurea aka ba su, wasu miligram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Ba a ga bambanci a yawan shanyewar jiki ba, amma masu shan adadi mafi yawa ba su kwanta asibiti kamar sauran ba. A irin wannan gwaji akan ɓoye wa iyaye da likita duka rukunin da yaro yake, domin kada sanin ya shafi yadda ake ba da labari ko yadda ake rubuta shi. Asirin yana hannun wasu daban, kuma ana buɗe shi nan take idan lafiyar yaro ta buƙaci haka.

Matakan da magani ke bi

Kafin a kai ga mutum, ana shafe shekaru a ɗakin bincike da kuma a jikin dabbobi. Daga nan sai mataki na ɗaya, inda ake ba mutane kaɗan, kamar 20 zuwa 100, galibi manya masu lafiya da suka kawo kansu, ana farawa da ɗan mitsitsin adadi ana ƙarawa a hankali domin a ga abin da jiki zai ɗauka. Idan akwai zakaran gwajin dafi a wannan sana'a, to waɗannan ne, kuma haɗarin na gaske ne: a Landan a 2006 mutum shida da aka yi wa allurar wani sabon magani mai suna TGN1412 sun kusa rasa rayukansu cikin 'yan sa'o'i, abin da ya sa aka sake tsaurara yadda ake fara gwaji, har ya zama ana ba mutum ɗaya a jira kafin a ba na biyu. A mataki na biyu ne ake fara ba masu cutar, daga gommai zuwa 'yan ɗaruruwa, a nemi alamar amfani da adadin da ya dace.

Mataki na uku shi ne babba, kuma shi ne aka fi gayyatar iyaye irinku. Ana ɗaukar ɗaruruwa ko dubbai, sau da yawa a asibitoci da ƙasashe daban-daban, kuma yawan yana da dalili. Ki dubi gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, aka buga a 2010, inda aka kwatanta allurar artesunate da kwinin ga yara 5,425 masu matsanancin zazzaɓin cizon sauro. Kashi 10.9 cikin ɗari na waɗanda aka ba kwinin sun mutu, na artesunate kuwa kashi 8.5. Ma'anarsa, a cikin kowane yara dubu an tsirar da kimanin 24. Likitan da ke ganin yara talatin a wata ba zai taɓa hango wannan bambanci da idonsa ba, amma idan aka lissafa yawan yaran da ke kwanciya da wannan zazzaɓi kowace damina, rayuka ne masu ɗimbin yawa. Saboda wannan sakamako Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa artesunate a gaba, kuma ita ce allurar da ake nema yau idan an kwantar da yaro da zazzaɓi mai tsanani.

Kusan ɗaya cikin goma ne kawai na magungunan da suka shiga matakin farko ke kaiwa ga samun izini. Sauran suna faɗuwa a hanya, ko don ba su da amfani ko don illarsu ta yi yawa, saboda haka kada kowa ya ruɗe ki da cewa sabo ya fi tsoho. Bayan izini ma ana ci gaba da sa ido, wanda shi ne mataki na huɗu, domin illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu goma ba lallai ta bayyana a gwajin mutum dubu uku ba.

Abin da mahaifinsa yake tunawa

Tsoron maigidanki yana da tushe, kuma ba zan ce masa ya manta ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi ceftriaxone, maganin sanƙarau da aka saba amfani da shi. Yara 11 sun mutu, biyar a rukunin Trovan, shida a ɗayan, wasu kuma sun tashi da naƙasa. Iyaye da gwamnati sun yi zargin cewa ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba, cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a, wato kwamitin da ke duba bincike kafin a fara shi, daga baya aka rubuta ta, kuma cewa an rage adadin maganin da aka kwatanta da shi. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce an nemi yarda da baki kuma sanƙarau ne ya yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shi kansa Trovan, bayan ya samu izini a Amurka don manya, an taƙaita amfani da shi a 1999 saboda illar hanta. Raunin da wannan lamari ya yi wa amana ya daɗe, har yana cikin dalilan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Kusan kowace dokar da ke kare masu shiga bincike daga irin wannan ɓarna ta fito. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda ta sa yardar mutum a sahun farko, ta biyo bayan ta'asar likitocin gwamnatin Nazi ta Jamus a kan fursunoni. Maganin thalidomide da aka riƙa ba masu ciki ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da tawayar hannu da ƙafa, shi ya sa Amurka ta kafa doka a 1962 cewa sai an kawo hujjar amfanin magani kafin a sayar da shi. A 1964 likitocin duniya suka fitar da sanarwar Helsinki, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin yin bincike a jikin mutane. A Tuskegee ta Amurka kuwa, daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani ana kallon yadda cutar ke cin su, har bayan an samu penisilin.

A Najeriya yau, gwajin magani yana buƙatar izinin hukumar NAFDAC da kuma amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wanda ke aiki ƙarƙashin kwamitin ƙasa na NHREC da ƙa'idar da aka fitar a 2007. A cikin irin wannan kwamiti akan sa wanda ba ma'aikacin lafiya ba ne domin ya karanta da idon talaka. Manyan gwaje-gwaje kuma suna da wani ayarin masana masu zaman kansu da ke leƙa sakamako lokaci-lokaci, suna da ikon ba da shawarar a tsaya idan wani rukuni yana cutuwa ko kuma amfani ya riga ya bayyana. Ba zan ce miki waɗannan sun toshe kowace kafa ba. Kwamiti yana iya yin sakaci, kuma sa ido bayan an ba da izini shi ne wurin da aka fi rauni. Amma tsakanin yau da 1996 akwai tazara mai faɗi.

Abin da na gani a wurin karɓar yarda

Na zauna da iyaye da yawa a kan irin takardar da ke hannunki, kuma abin da ya fi damuna shi ne mai saurin yarda. Uba zai karɓi biro tun ban gama shafin farko ba, ya ce, “Likita, ai kai ka sani, duk abin da ka ga ya dace a yi.” Wannan girmamawa ce, amma ba ta cika sharaɗin yarda ba, domin a zuciyarsa yana ɗauka na zaɓa wa ɗansa magani mafi kyau ne, alhali ni kaina ban san rukunin da zai faɗa ba. Saboda haka na koyi in ajiye takardar in ce ya maimaita mini da bakinsa abin da ya fahimta, kamar zai bayyana wa matarsa a gida. Idan ya ce an samo sabon maganin da zai warkar da yaron, sai mu koma farko. Manufar bincike ita ce samo amsa domin yaran da za su zo nan gaba. Ɗanki yana iya amfana, musamman da yawan dubawa da gwajin jini kyauta, yana iya kuma rashin samun komai, ko ya gamu da illa.

Kuɗin mota da ake bayarwa ma abin lura ne. Daidai ne a biya ki abin da kika kashe da lokacin da kika ɓata, amma idan kuɗin ya kai yadda zai sa ki rufe ido ga haɗari, wannan alama ce mara kyau.

Idan kika koma, ki tafi tare da mahaifinsa, ku nemi ganin shugaban binciken da kansa. Ku tambaye shi sunan maganin da matakin da gwajin yake, domin akwai bambanci babba tsakanin sabon sinadari da maganin da aka shekara ashirin ana sha ana neman gyara adadinsa. Ku tambayi abin da ɗaya rukunin zai samu, da ko akwai wani maganin da yaron yake sha yanzu da za a dakatar. Ku nemi a lissafa muku illolin da aka sani, sau nawa za a ɗebi jini da yawan da za a ɗiba, inda za a kai jinin da abin da za a yi da ragowarsa. Tambayar da iyaye suka fi mantawa ita ce wa zai ɗauki nauyin jinya idan gwajin ya jawo matsala, da kuma ko yaron zai ci gaba da samun maganin bayan an gama idan ya tabbata yana da amfani, domin babu daɗi a saba wa yaro da magani shekara biyu sannan a bar iyaye da kuɗin da ba za su iya biya ba. Ku nemi ganin lambar izinin kwamitin ɗa'a da lambar wayar da za ku kira idan kuna da ƙorafi, wadda ba ta masu binciken ba ce. Haƙƙinku ne a yi muku bayani da Hausa, a ba ku kwafin takardar ku tafi da ita gida, kuma idan wanda zai sa hannu ba ya karatu, a kawo shaidan da ba ya cikin masu binciken kafin a dangwala yatsa. Shi ma yaron, a shekara bakwai, ya isa a gaya masa abin da za a yi masa daidai fahimtarsa.

Ban ga takardar ba, ban kuma duba ɗanki ba, don haka ba zan ce ku shiga ko kada ku shiga ba. Wannan shawara ce da za ku yanke ku biyu tare da likitan da ya san tarihin ciwonsa. Abin da nake ba da ƙarfi a kai shi ne kada ki sa hannu a ɓoye ba da sanin mahaifinsa ba, domin gwaji irin wannan yakan ɗauki watanni ko shekaru ana zuwa asibiti, kuma ba ya tafiya daidai a gidan da aka rabu biyu a kansa. Idan mai binciken ya amsa tambayoyinku dalla-dalla, ya ba ku mako guda ku yi shawara ba tare da ya ɓata rai ba, to kuna iya ci gaba da magana da shi. Idan kuwa ya ce dole sai yau, ko ya nuna cewa katin asibitinku ya dogara da sa hannun, ku miƙa masa takardarsa, ku kai maganar ga kwamitin ɗa'a na asibitin, sannan ku kai yaron ganin likitansa a ranar da aka saba.